Wai teku ba ta ƙarewa? Muhawara kan rufe teku da ledar kwatar Nima

Baban Sadiya (Nima):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi. Na kai yara bakin teku a Jamestown, nan Akra babban birnin Gana, can gangaren hasumiyar fitila, muka tarar da masunta suna zazzage taru. Abin da idona ya gani: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, tsumman gwanjo da suka murɗe suka zama kamar igiya. Kifin kuwa sai an tona. Wani dattijo yana zaune a gefen kwale-kwale yana zare leda daga idon taru ɗaya bayan ɗaya. Sadiya ta ce, Baba, daga ina ledar nan take zuwa? Na kasa ba ta amsa, don na san amsar. Babbar kwatar da ta bi ta bayan gidanmu cikin kogin Odaw take zuba, Odaw ya kai tafkin Korle, Korle ya amayar a teku, ɗan taku kaɗan daga inda muke tsaye.

Da dare na tayar da zancen a majalisar shayi. Wani ya ce, mu Fanti ne ko Ga da za mu damu da teku? Wani ya ce teku tana wanke kanta. Na uku ya ce tun zamanin Annabi Nuhu ake cin kifi bai ƙare ba. Duk mutanen kirki ne, masu salla a sahun farko, kuma babu gidan da shito (yajin kifi) da amani (ƙaramin kifin teku) suke yankewa a cikinmu. To me ya sa muke ɗaukar teku kamar kayan wasu? Rashin sani ne, ko talauci, ko dai halinmu ne? Tambaya nake yi tsakani da Allah.

Ɗan Asawase (Kumasi):
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, ni zan faɗa maka gaskiyata ko ba ta yi daɗi ba. Mutumin da ya tashi da safe bai san inda zai samo kuɗin makarantar yara ba, ka zo kana masa zancen teku? Ni direba ne, daga Kumasi zuwa bakin ruwa tafiyar awanni ce. Maganar kare teku a kunnena maganar masu ƙungiya ce, a tara mutane a otal, a raba riga, a ɗauki hoto a watse. Kuma duk dokar da aka kafa da sunan teku, talaka take fara taka wa. A 2019 an hana mai kwale-kwale fita wata guda, manyan jirage suna can suna sharɓar romo. A fara da su, sannan a zo kan ledata.

Hajiya Mai Banda (Tema):
Salamu alaikum. Ɗana na Asawase, ka ce teku ta yi maka nisa. Kwandon bandar da ake saukewa a kasuwarku, da wanda yake wucewa Tamale da Bolga, daga hannun irinmu yake fitowa. Shekara ta talatin da wani abu ina wannan sana'a, a hannun mahaifiyata na gaje ta. Don haka bari in gaya muku abin da mai ɗaki ya sani game da yoyon ɗakinsa.

Da muna yara, watan Agusta watan amani ne. Kwale-kwale yakan dawo a nutse saboda nauyi, har masunta su riƙa roƙonmu mu ɗiba bashi kada ya lalace musu. Murhun Chorkor ɗinmu ba ya hucewa, dare da rana hayaƙi, mu jera faranti goma a kan wuta ɗaya. Da ribar wata uku mace take aurar da 'ya, ta biya hayar shekara. Yanzu sai mutum goma sha biyar su ƙona mai su kwana a ruwa su dawo da abin da bai cika roba biyar ba. Ni nake ba wasunsu kuɗin mai kafin su fita, da sharaɗin in sun dawo ni za su fara sayar wa. In sun dawo hannu rabbana, kuɗina ya bi ruwa. Wanda ya ce kifi ba ya ƙarewa, ya zo in nuna masa littafin bashina.

Amma duk da haka, shekarar da aka fara cewa za a rufe teku, ina cikin waɗanda suka yi ta kuka. Ba don ban yarda kifi yana ƙarewa ba. Wata guda babu kifi, wata guda ke nan babu tukunya a gidana da gidan 'yan matan da suke taya ni wanke kifi da mai kawo mini itace. Shinkafa da man da gwamnati ta raba ba su kai ko'ina ba, wasu ko ƙwayar ba su gani ba. Baban Sadiya, abin da nake so ka gane shi ne, mutum yana iya sanin gaskiya sarai kuma ya ƙi ta, in gaskiyar za ta kwana da 'ya'yansa da yunwa.

Ɗalibar Cape Coast:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da kika gani da ido shi ne abin da muke karantawa a sashen nazarin kifi, sai dai ke kin riga mu sani. Alƙaluman da ake kafa hujja da su sun nuna amanin da aka sauke a Gana a 1996 ya haura tan 130,000, amma a 2016 bai kai tan 30,000 ba. A daidai wannan lokacin kuma kwale-kwale ƙaruwa suka yi, ƙidayar 2016 ta samu sama da 11,000 a gaɓar da ba ta wuce kilomita 550 ba. Masu kamu suna yawa, abin kamawa yana raguwa. Kuma kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ɗan Gana yake samu daga dabba, kifi ne. Yaya na Asawase, wannan lissafin ya haɗa da tukunyar gidanka.

Dalilin rufe teku kuwa ga shi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku ya zo da abincin kifi, a lokacin amani yake taruwa ya zuba ƙwai. Shi ya sa Agusta yake watan albarka, kuma shi ya sa kamun Agusta ya fi kowane ɓarna, don uwar ake kamawa da cikinta. Hajiya za ta shaida, in ta fasa cikin amanin Agusta cike yake da ƙwai. Masana Agusta suka nema. A 2018 gwamnati ta sa ranar rufewa a Agustan, masunta suka tashi tsaye suka ce an sanar da su a makare, ga bikin Homowo na mutanen Ga ya gabato, dole aka janye. A 2019 aka rufe wa kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da bai yi wa kowa zafi sosai ba, kuma bai dace da lokacin ƙwan ba. Daga 2021 aka koma Yuli, wata ɗaya ga kwale-kwale, wata biyu ga manyan jirage. Sai a 2025 sabuwar gwamnati ta cire kwale-kwale daga cikin dokar gaba ɗaya, aka bar ta a kan manyan jirage da matsakaita.

Ni abin da ya fi damuna ba a cika faɗarsa ba. Ko an rufe wata guda, ranar da aka buɗe sai a fita da janareta da ƙwan fitila a zura cikin ruwa, kifi ya taru a kan hasken, babba da jariri, a kwashe. Wasu har da nakiya da sinadarin kabaid. Duk haramun ne a doka, kuma ba ɗan Caina ne yake yi ba, mu ne.

Ɗan Asawase (Kumasi):
Ƙanwata, na ji karatunki kuma na ƙaru. Amma kin tsallake saiko. Ki faɗa wa jama'a mene ne saiko da su wa suke da jiragen, sannan mu dawo kan mai janareta.

Hajiya Mai Banda (Tema):
Bari ni in faɗa, don na saya da kuɗina. Manyan jiragen nan masu jan taru a ƙasan teku, tirola, lasisinsu na kifin ƙasa ne, manya. Sai su riƙa kwasar ƙananan kifin sama, abincin masu kwale-kwale, su daskarar da shi fale-fale kamar allo. Da dare wasu manyan kwale-kwale da ba su ɗauke da taru ko ɗaya su je su same su a tsakiyar ruwa, su loda, su sauke a Elmina ko Apam. Shi ne saiko. In ka narkar da allo ɗaya za ka ga jariran kifi da ba su kai yatsa ba, an matse su da ƙanƙara.

Na saya, ban ɓoye ba. Shekarun da masuntana suke dawowa babu komai, murhu ba zai zauna a sanyaye ba, masu jirana a arewa suna bugo waya. Ina saye ina sanin cewa kifin da ya kamata ya girma ya shiga tarun masuntana ne nake biyan kuɗi a kashe shi yana jariri. Wata rana wani daga cikin masuntan da nake ba kuɗin mai ya zo ya tarar da allunan a ƙofata suna narkewa. Bai ce mini komai ba, ya dube su ya dube ni ya juya. Har yau ina tuna wannan kallon. Daga baya na daina, kuma na yi asarar masu saye biyu da suka koma wajen wadda take da arha.

Ɗalibar Cape Coast:
Ban tsallake don ɓoyewa ba, Yaya. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF da Hen Mpoano ta Takoradi sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai kusan tan 100,000. Binciken EJF ya kuma nuna kusan kashi 90 cikin 100 na jiragen tirola masu tutar Gana, ainihin masu su kamfanonin Caina ne, sunan ɗan ƙasa kawai ake sawa a takarda, domin doka ta hana baƙo mallakar irin wannan jirgi. A Yulin 2019 wani jami'in sa ido da gwamnati ta ɗora a kan ɗaya daga cikin jiragen ya ɓace a teku, ba a sake ganinsa ba. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan haramtaccen kamun kifi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. Bayan nan ne aka matsa, saiko ya ja baya ƙwarai.

Don haka ina tare da kai cewa babban ɓarawo yana can. Inda muka rabu shi ne a ce sai an gama da shi kafin kowa ya gyara nasa. Mai janareta yana cewa ba zai daina ba sai tirola ta daina. Mai tirola yana cewa ai masu kwale-kwale sun fi mu yawa. Mai leda yana cewa a fara da su biyun. Kifin kuma ba ya jiran a gama shari'a.

Malam na Sekondi:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka tun daga sama. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan gaskiyar da kika faɗa, ba kowa yake iyawa ba.

Zan fara da ɗan'uwan da ya ce tun zamanin Annabi Nuhu ake cin kifi. Arziki na Allah ne, babu mai musu. Shi ya ce a Suratun Nahli ya hore mana teku don mu ci nama sabo daga cikinta. Amma Shi ɗin ne ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Teku aka ambata da sunanta. Wanda ya riƙe ayar farko ya saki ta biyu bai yi wa kansa adalci ba.

A watan Afrilun 2021, kwanaki kaɗan kafin azumi, matattun kifaye suka fito a gaɓar Osu, dabbobin dolfin masu yawa kuma ruwa ya turo su wajen Axim. Kafin hukuma ta iso mutane sun kwashe, wasu sun yanka sun kai kasuwa. A makon nan mutum nawa suka tare ni a ƙofar masallaci suna tambaya, Malam, ai mushen teku halal ne? Na ce hadisin gaskiya ne, ruwanta mai tsarki ne, mushenta halal. Amma wanda ya faɗi haka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce babu cuta babu cutarwa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, a cikin masu tambayar babu wanda ya ce mini, Malam, me ya kashe su? Kowa ci yake tambaya.

Sai kuma wani abu da nake so matasa su lura da shi. Maƙwabtanmu Fanti da Ga ba sa fita su ranar Talata, tun kaka da kakanni. Abin da suka jingina hanin da shi na addininsu ne, mu ba mu yi imani da shi ba. Amma ku ƙirga: Talata 52 a shekara. Ya fi wata gudan da gwamnati ta yi ta fama a kansa. Babu wanda ya raba musu shinkafa, babu sojan ruwa, kuma suka kiyaye, domin apofohene, sarkin masuntansu, shi yake tsare dokar, kuma ta hau kan mai kwale-kwale goma kamar yadda ta hau kan mai ɗaya. Yanzu ita ma ta fara sassautawa a wasu gaɓoɓin, kuma dattawansu suna kuka da hakan. Ɗana na Asawase, a nan nake ganin gaskiyarka take. Jama'a ba hani suke ƙi ba. Hanin da ya tsallake babba ya sauka a kan ƙarami suke ƙi.

Bakabe (Argungu):
Allah ya gafarta Malam, maganar nan taka ta taɓa ni. Mu nan ba mu da teku, gulbi muke da shi, amma abin ɗaya ne. Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a taɓa shi sauran shekara. Sarkin Ruwa yana nan, kowa ya san iyaka. Shi ya sa ranar da aka buɗe, mutum da homa da gora kawai yake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Da an bar kowa ya shiga kullum, da tuni babu abin da za a nuna wa baƙi. Don haka kada wani ya ce hutar da ruwa dabarar Turawa ce. Kakanninmu masunta sun san ta. Kuma kifin ƙanƙarar da muke saye a Birnin Kebbi daga teku ake kawo shi, in ya yi tsada a can, a nan muke ji.

Maman Ummi (Mamobi):
Salamu alaikum. Tun ɗazu ana ta leda leda, ni ce mai ledar, bari in yi magana. Koko da ƙosai nake sayarwa da safe, ƙanwata tana waake. Kowane mai saye leda biyu ne, fara a zuba kokon, baƙa a saka farar. In na ce wa mutum ya zo da kofi sai ya ce aiki zai tafi, ya wuce wajen ta gaba. Da can a ganye ake ƙunsa waake, har ya fi ƙamshi, kowa ya sani. Amma ganyen yanzu tsada gare shi, sai an je kasuwa da asuba, sai an wanke, kwana biyu ya yi yaushi. Leda kuwa ƙunshi ɗaya ya kai ni kwanaki.

Batun kwata kuma, ba zan kare kowa ba. Ina gani da idona, hadari yana haɗuwa mata da yara suke fitowa da bokitin bola su juye, wai ruwa zai tafi da shi. Mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola, yana karɓar kuɗi a kan kowane buhu, wadda ba ta da shi sai ta jira ruwan sama. Na yi faɗa da maƙwabta a kan haka har muka yi wata ba ma gaisawa. Ni ban taɓa tunanin teku ba, gaskiya, sai yau da Baban Sadiya ya faɗa. Abin da nake tunawa shi ne 3 ga Yunin 2015, daren da Odaw ya cika ya tumbatsa, mutane suka fake a gidan mai a Circle, wuta ta tashi a kan ruwa, sama da mutum 150 suka rasu. Ina da wanda na sani a cikinsu. Bayan nan kowa ya yi rantsuwa ba zai ƙara zuba bola a kwata ba. Ba mu yi shekara ba muka koma.

Na ji a Yunin 2025 Shugaba Mahama ya ce za a hana farar robar tekawe, wadda ake zuba abincin tafi-da-gidanka. Ni ba na jayayya. A hana kowa rana ɗaya, har da manyan gidajen abinci, sai in san ta gaba da ni ma ba ta da ita. Amma ni kaɗai in daina, yarana za su ji a jikinsu.

Ɗan Agege (Legas):
Maman Ummi, abin da kika nema an gwada shi a nan. A Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana farar robar, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta ƙara da siririyar leda da tsinken shan lemo da cokulan roba. An yi ta ihu da farko, masu abinci suka ce za su mutu. Ba su mutu ba, an koma wata robar mai ɗan kauri da takarda, kuɗin ya hau kan mai saye. Har yanzu ana samun ta a ɓoye a wasu kasuwanni, amma ba kamar da ba. Ledar fiya wata da robar ruwa kuwa ba a taɓa su ba.

Abin da na lura da shi a sana'ata, don ni harkar bola nake yi, yara fiye da goma suna kawo mini kaya: duk abin da yake da kuɗi ba ya kwana a kwata. Robar ruwa, gwangwani, ƙarfe, kafin gari ya waye 'yan'uwanmu sun tsince, a auna a kilo a biya su. Baƙar leda da farar robar tekawe ne babu mai saye, su ne suke tafiya ruwa. Yaran nan da ake kira baban bola ana yi musu kallon ɓarayi, su suka fi kowa rage wa teku kaya a garin nan, kuma ba wanda ya taɓa ce musu sannu.

Baban Sadiya (Nima):
Na gode ƙwarai jama'a. Na zo da zargin cewa ba mu damu ba, yanzu na ga abin ya fi haka zurfi. Hajiya ta damu kuma ta sayi saiko. Maman Ummi ta damu kuma tana ƙulla leda. Kowa yana jiran na kusa da shi ya fara. Amma ina nan a kan abu ɗaya: kwatar Nima ba tirola ce ta cika ta ba. Wannan namu ne, ba ma buƙatar minista. Muna da sarakunan zango, muna da limamai, kowace Juma'a mutum dubbai suke zama su saurara. Ni dai tun tasowata ban taɓa jin huɗuba a kan bola ba. Malam, ina neman afuwa in na yi rashin ladabi.

Malam na Sekondi:
Babu rashin ladabi, ɗana, gaskiya ka faɗa. Ni kaina sau ɗaya na taɓa yi, shekarar kifin Axim. Juma'a mai zuwa in sha Allah zan yi a kan ayar Rum, kuma zan kira limamai biyu da nake da zumunci da su a Akra. Sai dai huɗuba kaɗai ba ta kwashe bola. Matar da ba ta da kuɗin mai aboboya, in na ce mata haramun ne ban nuna mata inda za ta zuba ba, na ɗora mata zunubi ne kawai na tafi. Ku matasan Nima ku zauna da mai unguwa ku ga ko layi ɗaya zai iya haɗa kuɗin kwasar bola a dunƙule, mai hali ya ɗauke wa marar hali.

Ɗan Asawase (Kumasi):
Malam, na karɓi maganar Talata, ban taɓa lissafa ta haka ba. Leda kuma, to, na yarda tawa ce, motata cike take da ita kullum, fasinja suna jefarwa ta taga ina kallo. Zan sa buhu a mota. Amma batun gwamnati ban sauka ba. An cire kwale-kwale daga rufe teku a 2025 saboda alkawarin zaɓe ne aka cika, ba don kifi ya dawo ba. Gobe wata gwamnatin ta zo ta mayar. Wa zai ɗauki dokar da take canzawa da zaɓe da muhimmanci?

Ɗalibar Cape Coast:
A nan ba ni da abin da zan musa maka, Yaya. Ni ma ban ji daɗin cirewar ba, ga shi Kodibuwa ta fara rufe nata ruwan tare da mu tun 2023, kuma amanin ɗaya ne yake yawo tsakaninmu. Amma a shekarar 2025 ɗin an sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi da ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwale-kwale daga mil 6 na ruwa zuwa mil 12, wato daga kusan kilomita 11 zuwa 22. Tirola ba ta da izinin jan taru a ciki. Shekara da shekaru masunta suna neman wannan. In an tsare shi da gaske, hujjar mai janareta ta faɗi.

Hajiya Mai Banda (Tema):
In an tsare shi, 'yata. Mil 6 ɗin ma masuntana sun sha ganin fitilun jirage a cikinsa da dare, sun sha dawowa da taru a yage. Amma ki turo mini bayanin mil 12 ɗin da murya, da Hausa mai sauƙi, har da inda ake kai ƙara in an ga jirgi ya shigo. Ranar Talata muna da taron mata masu banda, akwai Fanti akwai Ewe akwai mu, zan sa a fassara musu. Mu muke ba da kuɗin mai. In muka haɗa baki muka ce ba ma sayen kifin fitila, ko wanda aka kashe da nakiya, wanda ana gane shi da jan ido da laushin jiki, ba na jin akwai kwale-kwalen da zai daɗe yana yi. Mun taɓa gwadawa, mata uku suka karya mu. Zan sake tayar da maganar.

Maman Ummi (Mamobi):
Ni kuma daga Litinin duk wanda ya zo da kofinsa ko kwanonsa zan ƙara masa ƙosai ɗaya. Na lissafa, bai fi kuɗin ledar da yawa ba. Baban Sadiya, ka turo Sadiya da kofi ta zama ta farko. Ɗan Agege, ina da tambaya: ledar fiya wata da muke tarawa a buhu, akwai masu saye a nan Akra, amma suna cewa sai ta bushe. A rana ake shanya ta ko a inuwa, kuma sai an farke ta tukuna?

Ɗan Agege (Legas):
Ki farke ta ki zazzage ruwan, ki baza a rana yini ɗaya, ki ɗora dutse kada iska ta kwashe. Kada ki haɗa ta da baƙar leda ko wadda ta taɓa mai, za su rage miki kuɗi a sikeli.